Cibiyar ilimin barikinmu a Amurka: alherinta da inda ta gaza

Shekara biyu na yi ina wuce ginin nan safe da yamma ban taɓa tura ƙofarsa ba. Yana tsakanin ɗakin motsa jiki da gidan waya na bariki, na ƙasa ne ba bene ba, da jan bulo da ɗan filin ajiye mota a gabansa. A zatona wuri ne na yaran da suka shigo soja da shekara 18 suna neman gyara sakamakon sakandare. Ni da na sa kakin Amurka ina ɗan shekara 28, da difloma ta shekara biyu daga wata kwalejin kimiyya da fasaha a gida, ban ga abin da zai kai ni ba. A makon da muka iso bariki an tara mu an yi mana jawabai sun fi goma cikin yini biyu, na asibiti, na albashi, na gidaje, har na ilimi yana ciki, amma kai ya riga ya cika, ba abin da ya zauna.

Takarda ce ta kai ni. Farkon 2023, ina sifeshalis, muƙamin da ke ƙasa da sajan, a sashen kula da sito, sajan ɗin da nake ƙarƙashinsa ya kira ni ofis, ya buga takardar makina ta ƙarin girma ya shimfiɗa a tebur. Ya bi ta da biro layi-layi har ya zo na ƙarshe, na karatun farar hula, ya zagaye sifilin da ke wurin. Ya ce, ba kai ka ce mini ka yi kwaleji a ƙasarku ba? Na ce na yi. Ya ce, to ina take a nan? Na ce takardun suna Zariya wajen mahaifiyata. Bai ƙara cewa komai ba, ya ɗaga waya a gabana ya kira cibiyar ilimi ya karɓa mini rana.

Hukuncina tun yanzu: duk ɗan'uwan da ya shigo sojan ƙasa na Amurka da wata takardar makaranta daga gida, ko ta Najeriya ce, ko ta Nijar, ko ta Gana, wannan ginin ya kamata ya fara nema kafin ya san hanyar kanti. Ba su karɓi ko sisina ba, kuma abin da suka yi mini ba wanda ya yi mini shi a bariki. Suna da gazawa, zan zo kanta, don ta ci mini lokaci.

Sai an san yadda ake ƙirga girma za a gane amfanin wurin. Daga farabiti, matakin ƙasa, zuwa sifeshalis lokaci ne ke ɗaga mutum: in ba ka yi laifi ba, wata shida, shekara ɗaya, shekara biyu, girma na zuwa da kansa. Igiyar sajan da ta sitaf sajan kuwa da maki ake samunsu. Za ka fara tsayawa gaban kwamitin da babban samanjan bataliya ke shugabanta, su duba kakinka, su yi maka tambayoyi, su ce ka cancanta ko a'a. Kwamitin ba ya ba da maki, layi kawai yake sa ka. Makin 800 ne iyakarsa, an kasa shi huɗu. A tsarin da aka auna ni da shi, wanda aka fara aiki da shi a 2023, mai neman sajan yana iya kaiwa 280 a horon soja, wato 160 na harbi da 120 na gwajin ƙarfin jiki, sai 145 a lambobin yabo, 240 a kwasa-kwasan soja, 135 a karatun farar hula. Mai neman sitaf sajan sai a rage masa na harbi a ƙara masa na kai: horon soja ya sauko 230, karatun farar hula ya hau 160. Kowane wata hedikwatar ma'aikata da ke Fort Knox a jihar Kentucky tana fitar da makin tsallakewa na kowace sana'a. In naka ya kai, ranar 1 ga wata ka zama sajan. In ka ga 798 a gaban sana'arka, to wannan watan ba a neman kowa.

Da na zauna da takardar a ɗaki na lura da abin da sajan yake so in gani. Uku daga cikin huɗun nan ba duka suke a hannunka ba. Lambar yabo sai wani na sama ya rubuta maka, kwamanda ya sa hannu: ƙaramar maki 10, ta sama da ita 20. Kwas na soja sai an ba ka gurbi, maki 4 a kowane mako, kuma gurbi biyu ake aiko wa mutum ɗari. Harbi kuwa rana ɗaya ce: abin harbi 40 ne ke tasowa, in iska ta taso ko ido ya yi ruwa ka kuskure ɗaya, makin da zai zube kusan daidai yake da na darasi guda na jami'a. Layin karatun farar hula ne kaɗai ba ya jiran alfarmar kowa. Kowane kiredit na jami'a, wato ma'aunin nauyin darasi, maki 2 ne, darasi mai kiredit 3 maki 6. Da kiredit 68 ka cika 135. Kuma ba ya tsufa kamar sakamakon harbi, in ya shiga ya shiga.

Ranar ganawar na je da ƙarfe tara. Kana shiga za ka nuna katin soja, ka sa sunanka a wata kwamfuta, ka zauna. Wurin tsaf, ba hayaniya, akwai ɗakin kwamfutoci da kowa zai iya shiga ya yi karatu ko ya buga takarda, da ɗakin jarrabawa mai gilashi a can ƙurya, da azuzuwa da ake darasin yamma. Akwai kuma wani dogon lungu da ƙofofi jere, kowace da tambarin wata jami'a, wakilansu na zaune a ciki.

Wadda aka haɗa ni da ita dattijuwa ce farar hula, ta yi soja da ƙuruciyarta. Ba ta san mene ne difloma irin tamu ba, kuma ba ta nuna kamar ta sani ba. Ta jawo farar takarda ta ce in zana mata yadda karatunmu yake. Na zana: firamare shida, sakandare shida, difloma biyu, shekarar koyon aiki, babbar difloma biyu. Na nuna mata inda na tsaya. Ta ce ita ba ta da ikon kimanta takardar wata ƙasa, doka ta ce sai kamfanin da ke cikin NACES, ƙungiyar masu tantance takardun karatun ƙasashen waje, ya tantance ta ya mayar da ita ma'aunin Amurka. Ta buga mini jerin sunayensu, ba ta zaɓa mini ɗaya ba. Sannan ta faɗi maganar da ta cece ni daga asarar kuɗi: tantancewar iri biyu ce. Mai araha za ta ce takardarka daidai take da kaza a Amurka, shi ke nan. Mai tsada ita ce ke bin darasi ɗaya bayan ɗaya ta ce wannan kiredit nawa ne. Soja kiredit yake ƙirgawa, don haka mai arahar ba za ta ba ka maki ko ɗaya ba. Na biya kusan dala 200 daga aljihuna, don tallafin karatu na soja bai ɗauki wannan ba.

Kafin in tashi ta tambaye ni da wane muƙami na shigo. Na ce farabiti, daga ƙasa. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce da na kawo wannan tantancewar kafin in sa hannu, kiredit 24 na ɗaga mutum mataki ɗaya, 48 mataki biyu, digiri kuwa kai tsaye sifeshalis. Wato shekara guda cur na yi ina karɓar albashin da bai kai nawa ba, ina aika wa gida daga cikinsa, alhali hakkina yana cikin akwati a Zariya. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Har yau in na tuna abin yana yi mini ciwo, shi ya sa nake faɗa wa duk wanda na ji yana shirin shiga: kada ka sa hannu sai takardunka sun iso.

A daren na kira Umma. Ta ajiye wayar a kan gado, kyamara na kallon silin, ina jin ƙarar adakarta tana buɗewa. Ta fito da fayil ɗin a naɗe cikin leda biyu da wani tsohon ɗankwali, ta ɗaga mini takardun ɗaya bayan ɗaya har da na firamare, tana cewa, wannan ce? Ko wannan? Shekara shida ba wanda ya taɓa su, amma ko kusurwa ba ta lanƙwashe ba. Sai dai kamfanin ba ya karɓar abin da ya fito daga hannun ɗalibi. Cikakkiyar takardar sakamako suke so, wadda 'yan makaranta ke kira tiranskirif, kuma makarantar ce za ta aiko musu da kanta. Garin da na yi karatun tafiyar awa huɗu ce daga gidanmu. Ƙanena ya hau mota sau biyar. Zuwan farko aka ce ya biya a banki ya dawo. Na biyu ba a ga fayil ɗina ba. Na uku mai sa hannu ya yi tafiya. Yakan kira ni daga tasha da yamma, muryarsa a gajiye, ya ce, Yaya, ka yi haƙuri, sun ce sati mai zuwa. Wata huɗu aka yi kafin ambulan ɗin ya bar ofishin. Wannan ba laifin cibiya ba ne, amma duk mai shirin bin hanyar ya sa wata huɗun nan a lissafinsa.

A wannan jiran ne na san darajar matar. Da na koma na gaya mata halin da ake ciki, ba ta ce in je in jira ba. Ta ce, ban da Turanci wane harshe kake ji? Na ce Hausa, ina jiran ta ce ba ta taɓa jin sunan ba, kamar yadda aka saba ce mini. Ta danna kwamfuta ta juyo mini da fuskarta. Ga Hausa nan a jerin harsunan da ma'aikatar tsaro ke gwada sojoji a kansu, a jarrabawar da ake kira DLPT, wadda makarantar harsuna ta soja da ke Monterey a jihar Kalifoniya ke shiryawa. Wanda ya ci matakin da ake bukata yana samun maki 25, a ƙarƙashin layin karatun farar hula.

Kashi biyu ce, sauraro da karatu, kowanne ana ba ka har awa uku. Na yi su a ranaku biyu. Waya da agogo da walat duk a loka ake barinsu. An hana faɗar abin da ke cikin jarrabawar, ba kuma zan faɗa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda na ji da na sa abin saurare a kunne, a ɗaki mai sanyi, dama da hagu sojoji kowa na fama da nasa harshen, sai muryar Bahaushe ta cika mini kai. Na kusa barin tambayar farko ta wuce ni. Tun da na zo ƙasar nan harshena abin waya ne, na gaisuwa da gida da dare. Ranar nan kuma ga shi gwamnati tana auna shi tana ba shi maki. Amma kada wani ya shiga da gadarar cewa a nono ya sha. Amsoshin da Turanci ake rubuta su, kuma abin da ake nema shi ne ka kamo ainihin abin da aka tambaya, ba ka zuba duk abin da ka ji ba. Akwai wuraren da na gane Hausar sarai, Turancin da zan faɗe ta da shi a taƙaice ne ya tsaya mini. Sai mutum ya karanta ɗan littafin bayanin jarrabawar kafin ya shiga, yana nan kyauta a intanet. Na ci. Matar ta gargaɗe ni cewa wannan makin na shekara ɗaya ne, in ban sake zama ba zai fita, don haka kada in jingina da shi.

Abu na biyu da ta ɗora ni a kai shi ne CLEP, jarrabawar da ke ba mutum kiredit na darasin jami'a ba tare da ya zauna a aji ba. Ga soja zaman farko kyauta ne. Minti 90 ce, makinta daga 20 zuwa 80, yawanci 50 ake nema, in ka faɗi sai bayan wata uku ka sake. Na zaɓi aljabara don lissafi ne abin da na fi ƙarfi a kai tun sakandare. Azumin 2023 ne, daga ƙarshen Maris. Bayan na sha ruwa na yi asham a ɗaki, sai in buɗe littafin da cibiyar ta ara mini in yi awa ɗaya da rabi, in kwanta, in tashi sahur, ƙarfe shida da rabi ina fili ana motsa jiki. Na zauna jarrabawar mako guda bayan sallah, sakamakon ya fito a fuskar kwamfuta nan take. Kiredit 3, maki 6. Akwai wani ɗan'uwa ɗan Maraɗi a wata bataliya da muke haɗuwa a masallacin Juma'a. Na ja shi muka je tare, ya zauna ta Faransanci ba tare da wani shiri ba, ya wuce 59, aka ba shi kiredit 9. Maki 18 kafin azahar. Duk ɗan Nijar ko Kamaru ko Cadi da ya yi boko da Faransanci, wannan tasa ce a ajiye.

Tantancewar ta dawo a ƙarshen Yuli: kiredit 52. Na so ya fi haka, don sun ƙi ƙirga wasu darussan aikin hannu da na sha wahalarsu a makaranta, amma 104 ba wasa ba ne. Matar ta haɗa wannan da na CLEP ta duba ko akwai darasin da ya maimaitu, don ba a ƙirga abu ɗaya sau biyu, ta rubuta takardar shaidar jimlar kiredit ta sa hannu. Da na Hausa, layin da ke sifili a watan Janairu ya cika.

A nan akwai abin da ba wanda ya bayyana mini da kyau, har ita. Cibiya ba ta sa maki. Takarda take ba ka, kai za ka kai ofishin ma'aikata na bataliyarku, akawu ya ɗora a kwamfuta kafin ranar rufewa ta watan. Na kai, aka ce in ajiye a tire. Na ajiye na tafi. Da lissafin watan ya fito, sifilin na nan. Takardar na ƙarƙashin wasu takardu, ba wanda ya taɓa ta. Tun daga ranar ba na ajiye komai a tire: nakan tsaya a kan akawu cikin ladabi har ya ɗora, in buɗe shafina a waya in gani da idona, sannan in ce na gode in fita. Da cibiyar za ta riƙa manna wannan gargaɗin a jikin kowace takardar shaida da ta bayar, da ta rage wa mutane baƙin ciki.

Inda horon soja da karatun farar hula suke haɗuwa, shi ne abin da ya fi burge ni, kuma yawancin yaran da nake aiki da su ba su san shi ba. Duk horon da soja ya yi, tun daga mako goma na kurtu, da makarantar sana'a, da kwas na farko na shugabanci da ake yi kafin sajan, yana cikin wata takarda da ake kira JST. Majalisar ilimi ta Amurka, ACE, ta riga ta auna kowane kwas ta ce ya yi daidai da kiredit kaza na jami'a. Amma wannan shawara ce kawai. Ba ta zama maki sai wata jami'ar da hukuma ta amince da ita ta karɓe ta ta sa a takardar sakamakonta. Bayan na gama kwas ɗin shugabancin a ƙarshen 2023, aka ɗaura mini igiya biyu ta kofur, albashi bai canza ba, matar ta taimaka mini na aika JST ɗina ga kwalejin da na zaɓa. Sun karɓi wani kaso, na kula da kaya da na shugabanci da na lafiyar jiki. Aikin sito da nake yi kullum, ƙidayar barguna da tantuna da kayan gyaran mota, ya zama darasi a takardar jami'a.

Sauran darussan ƙaramin digirin da nake nema a kwalejin kuma na ɗauke su da tallafin karatu. Soja na biyan har dala 250 a kowane kiredit. A lokacin iyakarsa dala 4,000 ne a shekara, a ƙarshen 2024 aka ɗaga zuwa 4,500. Sharuɗɗa biyu ta nanata mini har na haddace: a nemi tallafin aƙalla mako guda kafin a fara darasi, kuma wanda ya sami ƙasa da C zai mayar da kuɗin daga albashinsa. Ta hana ni ɗaukar darasi biyu a zango na farko. Ta ce ɗauki ɗaya ka ga yadda zai zauna da aikinka. Gaskiyarta, don a tsakiyar zangon aka fitar da mu atisaye daji kwana goma sha biyu.

To, gazawar. Babbar ita ce lokaci. Suna buɗewa bayan mun shiga aiki, suna rufewa kafin a sallame mu, Asabar da Lahadi a kulle. Sojan da aka gina wurin dominsa ba ya iya zuwa sai shugabansa ya sake shi, kuma ba kowa ke da sajan irin nawa ba. Masu ba da shawarar kaɗan ne a kan dubban sojoji, akwai lokacin da na jira mako uku kafin in sami ganawar minti talatin. Ingancin kuma ya danganta da wanda ka faɗa hannunsa. Sau ɗaya ba ta nan aka haɗa ni da wani, idonsa na kan agogo, ya miƙo mini takardar talla ya ce duk bayanin yana intanet. Da da shi na fara haɗuwa, da ban sake komawa ba.

Sai dogon lungun nan na wakilan jami'o'i. Ba na cewa duk ba su da kirki, akwai wadda ta zauna da ni ta gaya mini ƙarara cewa makarantarsu ba ta dace da ni ba. Amma sabon soja ba ya bambance ma'aikacin cibiya da wakilin makaranta, gini ɗaya ne, murmushi ɗaya. Ɗaya aikinsa ya ba ka shawara, ɗayan aikinsa ya sa ka rajista. Na ba wani lambar wayata a ranar farko, wata biyu ana kirana har lokacin sallar magariba. Kuɗin kiredit ɗinsu daidai dala 250, ba ƙari ba ragi, kuma da na tambayi nawa za su karɓa daga 52 ɗina sai aka ce in fara rajista tukuna. Kada ka yarda da wannan. Ka nemi su rubuta maka adadin da za su karɓa kafin ka sa hannu, ka kai wa mai ba da shawara ya duba.

Akwai abin da ke damuna a tsarin kansa, wanda ya fi ƙarfin cibiya. Ni aikina a sito ne, akwai kwamfuta a gabana, akwai ranakun da bayan ƙarfe uku ba kowa. Abokina na sojan ƙafa rabin shekararsa a daji take, in ya dawo barci yake nema. Ya fi ni iya jan mutane, na san haka, yaransa za su bi shi ko'ina, amma layinsa na karatu bai kai 20 ba. Sauƙin kawai shi ne da 'yan sana'arsa yake takara, ba da ni ba. Sannan darussan soja na intanet, maki 1 a kan kowace awa 5, har zuwa 90, wato awa 450. Na ga yadda ake yinsu: ana danna gaba, ana kallon ƙwallo a waya. Na yi nawa, amma ban yarda cewa wannan makin ya kai nauyin na wanda ya zauna ya ci aljabara ko ya kwana yana rubuta aikin aji ba. Da ni za a tambaya, da an rage shi an ƙara wa takardun ƙwarewar sana'a, waɗanda yanzu maki 10 ne kowace, iyaka 50, kuma su ne ke bin mutum har bayan ya tuɓe kaki.

Ƙa'idojin suna cikin dokar ƙarin girma ta soja, AR 600-8-19, kuma suna motsi. A 2024 an sassauta sharaɗin gama kwas kafin ɗaura igiya, a Yunin 2025 an sake gwajin ƙarfin jiki an cire jifan ƙwallo. A nan ma cibiyar ta fi tsofaffin bariki, don abin da wani ya ce maka haka aka yi masa shekara biyar da suka wuce ba lallai ya yi maka aiki ba. Ita kullum sabon bugu take buɗewa ta nuna mini sakin layin da yatsa.

Sunana ya fito a farkon 2024. Sajan ɗin da ya zagaye sifilin shi ya manna mini igiya uku a ƙirji, ƙanena da Umma suna kallo ta waya, dare ya fara yi a Zariya. Washegari na kai wa matar labari. Ta taya ni murna, ta buɗe fayil ɗina ta ce yanzu 160 ake nema, wato kiredit 80. Tun kafin nan ta hana ni gaggawar kammala ƙaramin digirina, saura darasi biyu, don akwai maki 20 na kammala digiri, kuma mai neman sitaf sajan sai ya kammala yana sajan kafin a ƙirga masa. Na ɗauki darussan biyun bayan igiyar ta hau.

Watan jiya aka kawo mana sabon yaro sashenmu, ɗan zangon Kumasi, Hausarsa da ɗan karin can. Na tambaye shi ko ya yi karatu bayan sakandare, ya ce shekara biyu a wata kwalejin horar da malamai, takardun suna wajen kakarsa. Na sa ya kira gida a gabana ya ce a fara bin tiranskirif. Ganawarsa da dattijuwar ranar Talata ce da ƙarfe tara da rabi, na riga na cire sunansa daga aikin safiyar.